Ma'aikaci Na Bakwai

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Masu biyo ni ta bayan fage da tambayar "Zulfa, wai an sa rana kuwa?", to ga amsarku: an sa, yau ɗin nan. Amma don Allah kada wadda ta turo mini hoton fure ko na jar zuciya, ku tsaya ku ji yadda aka yi tukuna. A ƙuryar ɗakin Iya nake wannan rubutu, na jingina da buhun gero, a tsakar gida kuwa mata na ta shewa a kan akwatunana.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce autar Malam Umara na unguwar Matsaro a nan Haɗeja. Ina digiri na biyu a Dutse, fannin kula da ma'aikata. Bincikena a kan albashi ne, da son abin duniya, da riƙon amana a wurin aiki. A taƙaice tambaya ɗaya nake bi: ƙarancin albashi ne ke sa ma'aikaci cin amana, ko kuwa zuciyarsa ce ba ta ƙoshi? Iya dai sunan da ta raɗa wa abin shi ne "karatun sa-ido". Ta ce ba ta taɓa jin an ba mutum takardar shaida a kan leƙen aljihun jama'a ba sai a kaina.

Dakta Abdulfattah, malamin da ke duba aikina, ya ce shi ba zai karɓi irin binciken nan da ɗalibi zai kulle ɗaki ya cike takardun tambaya da biro kala uku ba. Sai na je na zauna da ma'aikata, na ji ta bakinsu. Akwai wani kamfanin casar shinkafa a bayan gari, ba zan kama sunansa ba, manajansa Alhaji Khalid abokin Baba ne, majalisarsu ɗaya a gindin darbejiyar masallaci. Baba ya yi masa magana, ya ce, "Haba Malam, 'yarka ai 'yata ce, ta zo ta tambayi duk wanda take so."

Haka na riƙa zuwa da zurmemen hijabina ruwan toka, in dawo ƙaiƙayi ya cika mini safa. Kafin in kunna waya in fara ɗaukar murya sai na yi wa kowa alkawari: sunanka ba zai fita daga bakina ba, a cikin takarda lamba kawai za ka zama. Wasu sai sun ce in rantse, in kuwa rantse. Duk da haka ba abin da nake samu sai "alhamdulillahi". Har Baƙo mai ɗinkin buhu, dattijon da ba ranar da ba ya tsine wa albashin kamfanin nan a gaban kowa, ina kunna waya sai ya gyara hula ya ce, "Malama, mun gode wa Allah, mun gode wa kamfani." Ina kashewa ya ɗora daga inda ya tsaya. Shi ne dai mai ajiye mini kujera a inuwa, ya kaɗe mini ita da gefen rigarsa kafin in zauna.

Sai ma'aikaci na bakwai ya shigo. Zainulabideen, akawun sito, ɗan Birniwa. Dogo, baƙi, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga har tana iya tsayawa da kanta. Ya zauna ya kalli wayar, ya kalle ni.

"Malama, gaskiya kike so, ko abin da zai cika miki takarda?"

Na ce gaskiya.

"To kin san idan manomi ya kawo shanshera, shinkafar da ba a casa ba, daga Guri ko Kirikasamma, kafin a ɗora a sikeli sai an soka na'ura a buhu an auna danshi?"

Na ce na gani.

"Kin ga wane buhu ake sokawa?"

Ban lura ba. Ya ce na can ƙasan mota ake zaɓa, wanda ya kwana yana gumi. Da shi za a yi wa lodin gaba ɗaya hukunci, a ce shinkafar ba ta bushe ba, a zaftare wani abu daga nauyin kowane buhu. Manomi ya riga ya biya kuɗin mota, ga bashin taki na jiransa a gida, ina zai koma da kaya? Abin da aka zaftare kuwa ba ya ɓata, da yamma sai ya zama buhunan wani manomi da ba a taɓa haifa ba, kamfani ya saya, a raba.

"A raba da wa?"

"Har can saman da kike tunani."

"Kai fa?"

"Babana manomi ne, Malama. Na taɓa rako shi nan. Ina kallo ya cire hula yana roƙon yaron da bai kai ni ba."

Ku yafe mini, amma tun kafin ya kai ƙarshen maganar nan na san na faɗa. Ba kyau ne ya ja ni ba, ba kuma iya zance ba. Mutum na gani zaune cikin koɗaɗɗiyar riga, bai ji kunyarta ba. Na rubuta maganarsa kalma-kalma a babi na huɗu, na sa masa "Ma'aikaci na bakwai", ina ta jin daɗi na samo abin da ba ɗalibin da ya taɓa samowa.

Bayan nan ya fara zuwa zance bayan la'asar, a kan wani tsohon mashin da sai an tura shi ya tashi. Wata rana rake zai riƙo, wata rana ƙullin kifi banda daga kasuwar kifi. Baba ya yi bincike har Birniwa, ya dawo yana murmushi ya ce yaron nan ko a garinsu shaidar gaskiya ake yi masa.

Kalmar nan ce ta ɓata komai. Iya tana tankaɗe a lokacin, ta ajiye rariyar.

"Gaskiya? To wannan ai muna da ita a gida, Malam. Ga ta can tana yoyo."

Ta nuna ɗakinta da baki. Ku fahimci Iya kafin ku zage ta. Baba ya yi shekara da shekaru yana riƙe da makullin sito na takin gwamnati, ya yi ritaya da keke da tabarau. Abokan aikinsa da suka fi shi "wayo" benaye suka gina a hanyar Kano. Katangar gidanmu tun ambaliyar da ta ci rabin unguwa ta faɗi, har zuwa lokacin zana ce da buhunan siminti marasa siminti. Iya ta sayar da ɗankunnenta ta biya mini kuɗin makaranta, ta sayar da awaki ta yi wa Yaya Bushira gado. Duk azumi ita ke turaren wuta da humra na sayarwa har idonta ya yi ja. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi.

Ta zaunar da ni ranar ta ce, "Ni ba zan hana ki ba, Zulfa, wanda kike so shi za ki aura. Amma na auri mai gaskiya na ga yadda take. Kin ga hannun nan? Ina so ki kalle shi da kyau, don naki ne nan gaba."

Yaya Bushira kuwa, mijinta na wata ma'aikata a ɓangaren sayo kaya, kowa ya san yana samu. In ta zo gida lafaya take naɗowa mai ƙyalli, awarwaro na kuka a hannunta, ta zauna a bakin gadon Iya tana jujjuya makullin mota. Ita ce ta tambaye ni, "Wai shi saurayin naki, ban da albashi, yana da wata 'yar hanya?"

Na ce ba shi da ita.

Ta kalli Iya, Iya ta kalle ta. Suka yi irin shirun da ake yi idan likita ya fita daga ɗaki.

Ana nan sai aka ɗaga akawun sikeli zuwa ofis, kujerarsa ta zama ba kowa. Alhaji Khalid ya kira Zainu ya ce ya ji zai zama surukin Malam, don haka ga sikeli nan ya ba shi. A kamfanin nan kowa ya san ma'anar wannan kyauta, wanda ya zauna a sikeli kaka biyu ya yi gida. Zainu ya yi godiya, ya ce a bar shi a sito.

Baba ne ya kawo labarin gida cikin alfahari, bawan Allah. Daga ranar Iya ta daina amsa gaisuwar Zainu. Zai tsuguna a bakin zaure ya ce, "Iya, ina wuni?" ta ce "Lafiya" da bangon ɗaki. Ta daina aiko masa da ruwa. Ta ce ita ba ta ce kome ba, amma 'yarta ba za ta tare a ɗakin haya ba, kuma lefen da bai kai na Bushira ba kada a wahalar da mata a kawo shi. Duk bikin da aka yi a dangi sai ta dawo ta ba ni labarin akwatuna, ba ta kallona, wai da kyanwa take magana.

Na daure, na daure, rannan dai na ɗauki waya na rubuta wa Zainu.

"Yallaɓai, ka karɓi sikelin nan mana."

"Zulfa, ke ce kuwa?"

"Ni ce. Ai ba dole sai ka ci ba. Ka zauna ka yi gaskiyarka, ko manoman ma sa huta."

"Ke fa kika rubuta da hannunki cewa ba mai zama a wurin ya ƙi ci. Ko dai ya ci, ko a cinye shi."

"To ya kake so in yi? Iya ta ƙi kallona. Kullum sai na yi kuka. In har kana sona da gaske…"

Na tura da ɗigo-ɗigon nan, na san abin da nake yi. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba. Ni da na karanta littattafai a kan yadda ake lallaɓa mutumin kirki har ya saba da abin da yake ƙyama, ni ce na kwanta na rungume waya ina addu'ar Allah Ya karkato da zuciyarsa. Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo, gajere: "Na karɓa. Allah Ya yafe mana."

Kakar nan shinkafa ta yi kyau a fadama, duk da ciyawar kacalla da ta toshe rabin hanyoyin ruwa. Motoci suka yi layi tun daga bakin kamfani har titi. Kafin a gama kaka Zainu ya canza mashin. Shadda ta fara bayyana, sai agogo, sai wani turare da ke riga shi isowa zaure. Ya sayi fili a bayan asibiti, ya turo mini hoton bulo an jera. Iya da kanta ta tuƙa masa burabusko da miyar kifi, ta ba ni na kai masa a kwanon da ba a fito da shi sai Sallah. "Ɗana Zainu" ya koma. Ya turo magina suka tayar da katangar gidanmu, Baba ya tsaya yana kallonta, ya kuma yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai.

Shi kuwa Zainu ya daina ba ni labarin wurin aiki. Da, sai in gaji da jin wane ya ce, wane ya yi. Yanzu in na tambaya sai ya ce, "Aiki alhamdulillahi." Ya yi ƙiba, ya yi haske, dariyarsa ta ƙara ƙarfi, amma ba ya iya kallon idona ya daɗe. Na taɓa tambayarsa ko babansa ya kawo shinkafa bana. Ya ce ya hana shi, ya ce masa ya kai kasuwa ya fi.

A daidai wannan lokaci nake tattara sakamakon bincike. Na zaci zan tarar masu ƙaramin albashi su ne masu ci. Ba haka alƙalumana suka nuna ba. A cikin waɗanda na tambaya, mai ƙaramin albashi da mai babba duk akwai masu ci, akwai masu ƙi. Abin da ya raba su shi ne yadda suke auna kansu da na kusa da su. Wanda kullum ake nuna masa motar wane da gidan wane, ko nawa ka ba shi gani yake an cuce shi, wanda kuwa yake ganin an cuce shi ba ya jin nauyin ramawa a kan wani. Da na tambaye su wa ke nuna musun, kusan duk amsa ɗaya ce: gida. Uwa, mata, budurwa, surukai.

Dakta Abdulfattah ya karanta ya buga tebur. "Zulfa, wannan aiki ne! Za mu fitar da shi a mujalla. Amma me ya sa kika rame haka?"

Na ce zazzaɓi ne. Me zan ce masa? In ce abin da na gano a takarda, ni na aikata shi da wayata?

Yanzu ga inda ƙaddara ta biyo. Na buga kwafi ɗaya na aikin, aka yi masa bango mai kyau, na kawo gida. A shafin farko na rubuta sadaukarwa ga mahaifina Malam Umara, wanda ya riƙe amana. Idon Baba yana da yana, ƙananan rubutu sun fi ƙarfinsa, sai na karanta masa wannan shafin kaɗai. Ya sa na maimaita. Ya share ido da bakin rawaninsa. Ashe da la'asar, ina wanka, ya saka littafin a hammata ya tafi da shi majalisa, ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu sunansa. Alhaji Khalid ya ce, "Masha Allah! Malam, ara mini in je in karanta, ai a wurinmu aka yi shi, mu ma mu sa albarka."

Baba ya ba shi da hannu biyu. Da ya dawo yana ba ni labari, sai na tuna babi na huɗu. Ban iya ce masa ya je ya karɓo ba, mutumin da rabon da in ga farin cikinsa haka tun ranar saukata.

Shiru ya biyo baya, har na fara cewa ƙila Alhaji bai buɗe ba, manya ba su cika karatu ba. Aka tsayar da yau dangin Zainu za su zo daga Birniwa, maza su sa rana, mata su kawo lefe gaba ɗaya saboda nisan hanya. Tun safe gidanmu ya cika. Iya ta ɗaura atamfar da ta shekara a ƙasan adaka, turaren wuta ya turnuƙe ko'ina. Ni aka sa ni doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, Yaya Bushira ta zauna ta yi mini kwalliya tana cewa, "Kin gani ko? Da kin biye wa gaskiya da yanzu a leda za a kawo."

Bayan azahar akwatuna suka shigo, saiti guda masu ruwan goro. Aka fara buɗewa, leshi, shadda, atamfofi, takalma da jakunkunansu, har da sarƙar gwal a ɗan akwatinta. Guɗa ta tashi. Daga zaure aka aiko cewa maza sun shafa fatiha, bayan Babbar Sallah. Sai wayata ta yi ƙara, saƙon Zainu ne.

"Ina bayan gidanku, wajen injin markaɗe. Ki fito yanzu, don Allah."

Na ja mayafi na zame ta ƙofar baya. Yana cikin motar da ya kawo matan, gilashi a rufe. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa fil, amma hammatarsa ta jiƙe sharkaf. Na zauna a baya na bar ƙofa a buɗe.

"Alhaji ya karanta," ya ce. Ko gaisawa ba mu yi ba.

Na ce, "Babi na huɗu?"

"Har ya ja layi da jan biro. Masu kamfani za su turo masu bincike daga Kano, ya ce in takardar nan ta fita kafin ya gyara gidansa, kowa ya mutu. Yana so ya san waye na bakwai. Ya ce wanda ya faɗa miki zai faɗa musu."

"Ba zan faɗa ba. Na yi rantsuwa."

"In kin yi shiru ni zai kama. Ya riga ya fara tambayata me ya sa na ƙi sikeli da farko. Zai kira ki yau, ya ce zai yi miki murna."

"To sai in ce na manta."

"Zulfa, Alhaji ba yaro ba ne."

Injin markaɗe na ta ƙara, wata yarinya ta wuce da bokitin wake a ka tana leƙenmu. Na ce, "In ya kore ka, ka koma wani wurin. Ai da can ma muna raye."

Ya yi wata dariya da ban san shi da ita ba. "Kora? Hannuna ya shiga dumu-dumu, sa hannuna ne a kan kowace takardar bana. Ni zai miƙa musu ya wanke kansa. Fili, mashin, akwatunan da ake yi wa guɗa, duk za a zo a kwashe. Ki tuna fuskar Iya. Ki tuna Baba a majalisa, an ce surukinsa ɓarawo ne."

"To me kake so in yi?"

Ya kalli sitiyari. "Ki ce Baƙo ne."

Na zaci ban ji daidai ba. "Wane Baƙon?"

"Mai ɗinkin buhu. Kowa ya san bakinsa, ba wanda zai yi mamaki. Shi ba ya cikin rabo, ba abin da za a kama shi da shi, sallamarsa kawai za a yi. Ni kuma zan riƙa taimaka masa a ɓoye, wallahi."

"Zainu, mutumin nan ko kalma ɗaya bai faɗa mini ba. Godiya ya yi wa kamfani."

"Na sani."

"Kai ne fa ka ce ka ga babanka ya cire hula…"

"Kada ki tuna mini!" Ya daki sitiyarin har hon ya yi ƙara. Sai kuma ya sassauta murya, ya juyo, karo na farko cikin watanni ya kalle ni ido cikin ido. "Ina zaune a sitona lafiya, Zulfa. Da rigata ɗaya, ina barci har da minshari. Wa ya ce in karɓa?"

Hawaye ya wanke kwalliyar da Yaya Bushira ta ɓata lokaci a kanta. Na nemi mutumin nan mai koɗaɗɗiyar riga a fuskarsa, wanda na so saboda ya ƙi, ban same shi ba. Kuma ba wani ne ya ɗauke mini shi ba. Na ji tsanarsa, na ji tausayinsa, na ji har yanzu ina sonsa, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Mutanen gidan nan, na san abin da kuke jira in ce. Kuna jira in ce na fita na buga masa ƙofa, na shiga gida na ce a mayar da akwatuna. Ni ma haka na zaci zan yi. Na buɗe baki da niyyar in ce Allah Ya kiyaye, sai na ji abin da ya fito daban.

"'Ya'yansa nawa?"

Wallahi sai da kafaɗun Zainu suka sauka. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Manyan duk sun kama sana'a. Ƙananan ne dai, da wata mai jinya." Ya gane, ni ma na gane. Mai shirin ƙi ba ya tambayar yawan 'ya'ya.

Na koma gida. Ina shiga mata suka yi caa, ga amarya, ga amarya. Wata gwaggon Zainu ta yafa mini leshi a kafaɗa, Yaya Bushira tana ɗaukar bidiyo tana cewa in yi murmushi, kukan farin ciki ya isa haka. Iya na durƙushe gaban babban akwatin, tana shafa wata shadda da tafin hannun nan nata da ya sha wuta da itace, a hankali, kamar tana tsoron kada ta ji mata ciwo.

Sai wayar ta fara ruri a hannuna. Sunan Alhaji Khalid ne a kai.

Iya ta ɗago ta leƙa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin fuskarta ta saki haka ba, har wata ƙuruciya ta yi. Ta ce, "Ɗauki mana, 'yar nan. Abokin babanki ne, albarka zai sa miki."

Na ɗauka. Na gaishe shi da ladabi, ya yi mini murna, ya yi tambayarsa. Da na ambaci sunan Baƙo, muryata ko rawa ba ta yi ba.